Sensar ƙofa da taga ta Aqara tare da Hub M2 a gidajen Kaduna

Sensar ƙofa da taga ta kamfanin Aqara, idan aka haɗa ta da uwar na'urar da suka sanya wa suna Hub M2, wadda ke karɓar saƙon sensoci ta miƙa wa mai gida, kaya ce da zan iya ba mai gida a Kaduna shawarar ya saya, amma bisa sharaɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba. Sharaɗin shi ne ya tanadar wa uwar na'urar wutar da ba ta yankewa, sannan ya yarda tun farko cewa ƙofofinmu na ƙarfe da bangayenmu na bulo za su nemi ƙarin dabara kafin aiki ya zauna. Wanda ya cika wannan zai samu abin da ya biya kuɗi dominsa, wato ya riƙa sanin lokacin da aka buɗe kowace ƙofa a gidansa ko yana ofis ko yana kan hanyar Zariya. Wanda bai cika ba kuwa, zai manna ƙananan robobi a ƙofofi ne kawai, waɗanda za su yi shiru daidai lokacin da ake buƙatarsu.

Ita sensar kanta ba ta da wani sirri mai zurfi. Ɓangare biyu ce, babba da ƙarami. Ƙaramin maganaɗisu ne kawai a cikin roba, babban kuma yana ɗauke da batir da ɗan rediyo da wani siririn makunni da ke cikin bututun gilashi, wanda bakunansa biyu ke haɗuwa idan maganaɗisu ya matso, su rabu idan ya yi nisa. Ana manna ɗaya a jikin ƙofa, ɗayan a jikin firem, saboda haka da zarar an tura ƙofar sai su rabu, sensar ta aika wa uwar na'ura saƙon cewa an buɗe. Tsawon babban ɓangaren milimita 41 ne, faɗinsa 22, kaurinsa 11, abin da ya sa ba ya ɓata kyan ƙofa kuma baƙo ba ya saurin lura da shi. Kamfanin, wanda hedkwatarsa ke birnin Shenzhen na ƙasar China, ya ce tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu kada ta wuce milimita 22 idan ƙofa tana rufe, kuma wannan adadin shi ne abin da kusan duk wahalar ɗaurawa take komawa gare shi.

Dalilin da ya sa na fifita wannan a kan sensocin Wi-Fi masu araha, waɗanda su ne aka fi gani a shagunan kayan lantarki da na kyamarori a cikin gari, yana da alaƙa da hanyar da saƙo ke bi. Sensar Wi-Fi tana barci ne domin ta adana batir, kuma idan aka buɗe ƙofa sai ta farka, ta nemi rautar gida, ta jona, ta aika saƙo zuwa sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsa, a wata ƙasa, sannan sabar ta turo shi wayar mai gida. Wannan zagayen yakan ci daƙiƙoƙi, kuma kowane mataki a cikinsa yana iya karyewa a garin da ake ɗauke wuta ba tare da sanarwa ba, data kuma take ƙarewa da tsakar dare. Na gwada irin waɗannan, marasa sanannen suna, kuma abin da ya fi damuna da su shi ne ranar da babu intanet ba su da wani amfani ko kaɗan, ko da mutum yana zaune a falo ƙofar tana gabansa. Ita ta Aqara tana magana ne da tsarin Zigbee, wanda aka ƙera domin ƙananan na'urori masu aika gajeren saƙo da ƙarancin wuta. Ba ta san rauta ba, ba ta san intanet ba, uwar na'ura kaɗai ta sani, kuma saƙonta yana isa kusan nan take.

Uwar na'urar M2 tana da siffofi biyu da suka dace da halin da muke ciki fiye da yadda masu ƙera ta suka yi tunani. Na farko, wutarta ta USB ce mai ƙarfin volt 5, irin ta cajar waya, saboda haka babu rigimar bakin filogi tsakanin na Turai da na China da namu mai ƙafa uku irin na Ingila, kuma ana iya ɗora ta a kan layin inbata ko a kan ƙaramin batirin ajiya irin wanda ake saya wa rauta. Wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, ko ƙaramin tsarin sola zai riƙe ta har gari ya waye. Abin lura shi ne ba kowace fawa banki ce take iya ba da wuta alhali ita ma tana caji ba, wasu kuma sukan yanke na ɗan lokaci idan wuta ta tafi ko ta dawo, wanda hakan ke sa uwar na'urar ta mutu ta sake tashi. Na biyu, tana da ramin wayar intanet, don haka mutum zai iya jona ta kai tsaye da rauta ya huta da rikicin Wi-Fi, domin idan ta Wi-Fi za a bi, zangon 2.4 GHz kaɗai take karɓa, kuma wasu daga cikin waɗanda ke kasa haɗa ta a karon farko wayarsu tana kan zangon 5 GHz ne ba su sani ba.

Akwai kuma lasifika a cikinta, kuma a nan ne fa'idar tsarin ta fi fitowa. Dokokin da aka tsara tsakanin sensa da uwar na'ura, kamar a ce idan an buɗe ƙofar baya bayan an kunna tsaron dare a yi ƙara, suna gudana ne a cikin uwar na'urar kanta, saboda haka ko intanet ta yanke ƙararrawar za ta tashi. Abin da ke tsayawa idan babu intanet shi ne saƙon da ke zuwa waya, domin wannan dole ya bi ta waje. Ya kamata mai saye ya fahimci wannan bambanci sosai. Idan yana gida yana barci, ƙarar da ke tashi a ɗakinsa ta ishe shi. Idan kuwa ya yi tafiya ya bar gida a kulle, to rautarsa ma dole ta kasance a kan wuta, da data a cikinta, in ba haka ba ƙararrawar za ta yi ta kuka babu mai ji. Ƙarar lasifikar ta isa ta tashi mai barci a ɗaki ɗaya ko a falo, amma ba irin wadda za ta fito da maƙwabta ba ce, kuma wanda yake son hakan sai ya nemi jiniya ta daban.

Haɗa sensa da uwar na'ura abu ne mai sauƙi idan aka yi shi kusa da juna. Ana buɗe manhajar Aqara Home, a zaɓi ƙara sabuwar na'ura, a danne ɗan maɓallin da ke jikin sensar na tsawon daƙiƙa 5 har shuɗiyar fitila ta yi ƙyaftawa, sai uwar na'urar ta sanar da cewa ta karɓe ta. Shawarata ita ce kada a cire takardar gam tukuna. A ɗauki sensar a kai ta ainihin inda za ta zauna, a rufe ƙofofin da ke tsakani kamar yadda suke kasancewa da dare, a danna maɓallin sau ɗaya a ji ko uwar na'urar ta amsa, sannan a riƙa haɗa ta da maganaɗisun ana rabawa ana duban waya. Idan saƙo yana zuwa kowane lokaci, sai a manna. Kuma tun a lokacin a ba kowace sensa suna mai ma'ana, kamar ƙofar kicin ko tagar ɗakin yara, domin saƙon da ya zo da ƙarfe biyu na dare ba lokacin tunanin wace ce ta uku wace ce ta huɗu ba ne.

Ƙofar ƙarfe ita ce babbar jarrabawa, kuma a Kaduna ba a guje mata, daga sababbin gidajen Millennium City da Malali masu ƙofofin tsaro na Turkiyya da China, har zuwa gidajen Tudun Wada da Rigasa inda mai walda na unguwa ne ya haɗa ƙofar. Ƙarfe yana cutar da sensar ta fuska biyu. Yana janye ƙarfin maganaɗisun zuwa cikin jikinsa, sai tazarar milimita 22 ɗin nan ta ragu ƙwarai, har ya zama ƙofa tana rufe amma manhaja tana cewa a buɗe take. Sannan yana tare saƙon rediyo, musamman idan sensar tana manne a kan farantin ƙarfe kuma uwar na'ura tana bayansa. Maganin da na ga yana aiki shi ne a sa ɗan siririn katako ko roba mai kauri a ƙarƙashin kowane ɓangare domin a ɗaga shi daga jikin ƙarfen, abin da kowane kafinta zai yanko daga ragowar falanki. Wannan ɗagawar tana warware wata matsalar kuma, domin firem ɗin ƙofofin tsaro yakan fito waje ya bar fuskar ƙofar a ciki, ta yadda ɓangarorin biyu ba za su yi daidai ba sai an cike gibin. Akwai ɗan layi a gefen kowane ɓangare, kuma dole layukan biyu su fuskanci juna. Ya fi kyau babban ɓangaren ya zauna a jikin firem, maganaɗisun kuma a jikin ƙofa, saboda ƙofar ƙarfe mai nauyi da yara ke bugawa tana girgiza batir a hankali har ya daina zama daidai a mazauninsa.

Gam ɗin da ke zuwa da sensar yana riƙewa da kyau a kan wuri mai santsi da tsabta, amma ƙurar hunturu abokiyar gabarsa ce. Idan aka manna a kan firem ɗin da ba a goge ba, gam ɗin ƙura ya kama ba fenti ba, kuma zafin watan Maris da Afrilu zai ƙarasa shi, wata rana a tarar da maganaɗisun a ƙasa ƙararrawa tana kuka ba gaira ba dalili. A goge wurin da tsumma da ɗan sifirit, a bari ya bushe, a danna sosai. Game da get ɗin waje kuwa, wannan sensa ba ta dace ba sam. An yi ta ne domin cikin ɗaki, ba ta da kariya daga ruwa, iyakar zafin da aka rubuta mata digiri 50 ne, alhali farantin get da rana ta doka tun safe yana iya wuce haka, ga ruwan damina, ga kuma gibin da ke tsakanin ganyayen get wanda yakan fi ƙarfin ɗan maganaɗisunta. Wannan rashi ne na gaske a gidajenmu, domin get shi ne ƙofar da mai gida ya fi son sanin labarinta, kuma wanda ya nace sai ya nemi irin sensar da aka ƙera domin waje.

Maganar taga tana buƙatar gaskiya fiye da yadda masu talla suke faɗa. Tagogin alminiyam masu zamewa suna karɓar sensar, muddin an manna ta a gefen da ganyen ke haɗuwa da firem, ba a inda ganye ɗaya zai wuce ta bayan ɗaya ya kankare ta ba, domin kaurin milimita 11 ya fi sararin da ke tsakaninsu a galibin tagogi. Alminiyam ba ya jan maganaɗisu, don haka ta wannan fuskar ya fi ƙarfe sauƙi. Amma a lokacin zafi babu mai rufe taga da dare a Kaduna sai mai na'urar sanyaya ɗaki da wutar da za ta ja ta, kuma tagar da aka bari a buɗe ba abin da sensa za ta ƙara faɗa a kanta. Abin da ke tsare tagoginmu shi ne ƙarafen da aka gina a jikinsu. Akwai dabarar da ke rage wannan rauni, wato a manna maganaɗisu na biyu a inda ake tsayar da taga idan an buɗe ta kaɗan domin iska, ta yadda sensar za ta ɗauke ta a matsayin rufaffiya a wurare biyu, ta yi ƙara idan aka ƙara zuge ta. Duk da haka, a ganina amfanin sensar taga a nan ya fi karkata ga tunatarwa: ta gaya wa mutum ya bar tagar bene a buɗe ga hadari ya haɗo, ko ga ƙura tana shiga, ko ga na'urar sanyi tana aiki a banza. Wanda kuɗinsa bai kai ya sa wa ko'ina ba, ya fara da ƙofar shiga da ƙofar baya da sito da ɗakin janareta da batiran sola, ya bar tagogi zuwa gaba.

Batun da ya fi kowanne muhimmanci a babban gida shi ne nisa. Bulon siminti da rufin kankare mai rodi suna cinye saƙon Zigbee, saboda haka uwar na'ura ɗaya da ke falo ba lalle ta ji sensar da ke ɓangaren baƙi ko ɗakin mai gadi ba. Tsarin Zigbee ya tanadi mafita, domin na'urorinsa da ke kan wutar gida, kamar filogi mai wayo, suna karɓar saƙo su miƙa wa na gaba, kamar yadda ake miƙa bokitin ruwa hannu zuwa hannu. Sensoci masu batir ba sa yin wannan aikin, haka ma makunnan fitila da ba su da wayar nutiral, wanda kuma a gidaje da yawa a nan ba a kai wannan wayar cikin akwatin makunni. To, a ƙasashen da wuta ba ta yankewa wannan tsari ba shi da aibi, amma a wurinmu idan filogin da ke miƙa saƙo yana kan soket ɗin da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, sensocin da suka dogara da shi za su ɓace tare da shi, kuma wani lokaci sukan ɗauki lokaci kafin su sake samun hanya bayan wuta ta dawo. Saboda haka duk filogin da aka sa domin ƙara nisa dole ya kasance a kan layin inbata, in ba haka ba gara a matsar da uwar na'urar tsakiyar gida, ko a sayi ta biyu domin ɗaya ɓangaren. Uwar na'urar ta zauna a sarari, a ɗan sama, ba a bayan talabijin ba, ba a cikin akwatin ƙarfe ba, kuma kada a jingina ta da rauta, tun da Zigbee da Wi-Fi a zangon 2.4 GHz ɗaya suke.

Batirin sensar shi ne CR1632, mai kama da kwabo, kuma kamfanin ya ce yana kai shekara 2, ko da yake ƙofar kicin da ake buɗewa dare da rana ba za ta yi daidai da ƙofar sito ba. Ba shi da yawa a kasuwa kamar CR2032, amma ana samunsa wurin masu gyaran agogo da masu gyaran rimot ɗin mota. A sayi mai kyau, domin batir mara inganci yana sa sensa ta riƙa ɓacewa tana dawowa, mutum ya ɗauka nisa ne.

Wajen saye akwai tarko guda biyu da ya kamata a sani, musamman ga masu yin oda ta intanet ko masu roƙon ɗan'uwa ya taho musu da kaya. Aqara tana fitar da uwar na'urarta kashi-kashi bisa yanki, kuma wadda aka yi domin kasuwar cikin China tana neman a ɗora asusun manhaja a kan yankin China, don haka a tambayi mai sayarwa a tabbatar samfurin ƙasashen waje ne kafin a biya. Tarko na biyu shi ne Z-Wave, wani tsari dabam da ke yin irin aikin Zigbee amma ba sa jin maganar juna. Zangonsa ma ya bambanta tsakanin ƙasashe, na Amurka yana wajen 908 MHz, na Turai kuma wajen 868 MHz, ta yadda sensar Z-Wave da aka sayo a Amurka ba za ta yi aiki da uwar na'urar da aka sayo a Ingila ba. Zigbee ba shi da wannan matsalar. Tsarin Matter, wanda aka fitar a 2022 domin kayan kamfanoni daban-daban su riƙa aiki tare, ya fara sauƙaƙa lamarin, kuma an ƙara wa M2 shi ta hanyar sabunta manhajarta, saboda haka sensocin da ke ƙarƙashinta suna iya bayyana a manhajojin Apple da Google da Amazon da Samsung.

Masu ilimin kwamfuta da ba sa son dogaro da sabar kowane kamfani suna iya barin M2 gaba ɗaya, su ɗora manhajar sarrafa na'urorin gida mai suna Home Assistant a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ko wata tsohuwar kwamfuta, su soka mata ɗan sandan Zigbee na USB irin na Sonoff. Wannan sensar tana aiki a can, sai dai sananne ne a tsakanin masu wannan harka cewa tsofaffin sensocin Aqara suna da zaɓe wajen na'urorin da ke miƙa musu saƙo idan na wani kamfani ne, kuma lokacin haɗawa ana so a riƙa taɓa maɓallin a kai a kai domin kada ta koma barci. Ana kuma nisanta sandan daga jikin kwamfutar da 'yar doguwar wayar USB, saboda ramukan USB 3.0 suna dagula zangon 2.4 GHz. Hanya ce mai ba da cikakken iko, amma ba ita zan nuna wa magidancin da yake son ya ɗaura ya manta ba.

Abu guda da ba na fasaha ba ne amma ba zan tsallake shi ba, shi ne manhajar tana ajiye tarihin kowace buɗewa da rufewa tare da lokacinta. Wannan yana da amfani ga mai shago da ke son sanin ƙarfe nawa yaronsa ya buɗe, da uwar da ke tsoron ƙaramin yaro ya fita ta ƙofar baya inda rijiya ko tankin ruwa yake, da iyalin da ke kula da dattijon da mantuwa ta fara kamawa. Amma gida ba na mutum ɗaya ba ne, kuma bai kamata maigida ya manna irin wannan a ƙofofi ba tare da uwargida da manyan yara da masu aiki sun san da ita ba. Manhajar tana ba da damar a raba iko da wasu wayoyi, kuma ya dace a sa uwargida a ciki tun ranar farko, ba don adalci kaɗai ba, har ma don ita ce ta fi zama a gida, ita ce za ta kashe tsaron dare idan ta fito alwalar asuba kafin ƙararrawa ta tashi kowa.